Irin da Ido Ba Ya Gani: Laimar Kwaɗi Mai Juya Hankali a Ƙarƙashin Madubi

 

Asalin wannan jawabi tambayar yaro ce. A daminar bara, kwana biyu bayan wani ruwa mai ƙarfi, wani ɗan aji biyar ya shigo mana da laimar kwaɗi a hannu. Ya ce a kan kashin shanu ya tsinko ta, a bayan makaranta inda makiyaya ke ratsawa. Sa'an nan ya ce: Malam, gero yana da iri, gyaɗa tana da iri, ita wannan ina nata irin? Ajin ya kaure da amsoshi. Wani ya ce ruwan sama ne ke haifar ta, wata ta ce tsawa ce, wani kuma ya rantse cewa kwaɗi ne ke shuka ta da dare. Mu da muke tsaye a gaban allo, da takardar shaidar kwalejin ilimi a akwati, sai muka ce masa ya jefar da ita ya wanke hannu, za mu yi maganar gobe. Gaskiyar magana ita ce ba mu da amsa mai gamsarwa a ranar. Neman amsar ne ya kai mu ga karatu, karatun kuma ya kai mu ga wani dangi na laimar kwaɗi na ƙasashe masu zafi, wanda ke ɗauke da sinadarin silosaibin mai juya hankali. Mun zaɓi mu tsaya a kansa saboda dalili biyu: an yi nazarin irinsa fiye da na yawancin 'yan uwansa, kuma labarinsa ya riga ya iso wayoyin matasanmu, sau da yawa ta bakin masu tallarsa.

Laimar kwaɗi, wadda wasu ke kira naman kaza, ba tsiro ba ce. Dangin funfuna ce, irin wadda ke fitowa a kan burodin da ya kwana biyu. Ba ta da ganye, ba ta fure, ba ta haɗa abincinta da hasken rana. Ainihin jikinta zaruruwa ne farare sirara da ke shimfiɗe a cikin ƙasa ko ruɓaɓɓen itace ko kashin dabba, suna narkar da abin da suka samu. Laimar da muke gani a sama, aikinta ɗaya ne: ta ɗaga iri sama ta sake shi a iska. In kun juya ta, za ku ga wasu zara-zaran shafuka a ƙarƙashin hular, jere kamar shafukan littafin da aka buɗe. A jikin waɗannan shafuka irin yake. Ƙura ce, kowace ƙwaya tantanin halitta guda, babu ɓawo da tsaba da ɗan tsiro a ciki kamar na gero. Za mu riƙa kiran ta ƙurar iri.

Kada mu yi wa yaranmu dariya a kan maganar tsawa. Mutanen da, har da masanan Girka da Rum, sun yi irin wannan zato. Sai a 1729 wani masanin tsirrai na birnin Fulorans a Italiya, Pier Antonio Micheli, ya buga littafin da ya nuna cewa in aka barbaɗa ƙurar funfuna a kan yankakken ɗan itace, irin funfunar da aka ɗebo ƙurarta ce ke fitowa, ba wata ba. Abin da ɗan ajinmu ya tambaya ya ɗauki duniya ƙarnuka kafin ta amsa.

Wadda ta fi shahara a wannan dangi ita ce Psilocybe cubensis. Kalmar farko daga Girkanci take, ma'anarta kai marar gashi, saboda santsin hular. Ta biyu tana nufin 'yar Kyuba. Wani Ba'amurke masanin aikin gona, Franklin Sumner Earle, wanda ke shugabantar tashar gwajin noma a Santiago de las Vegas kusa da Habana, shi ya fara bayyana ta a rubuce a 1906, da sunan Stropharia cubensis. Shekara ɗaya bayan haka wani Bafaranshe, Narcisse Patouillard, ya bayyana wata daga Tonkin, arewacin Biyetnam ta yau, ya ba ta wani suna. A 1941 William Murrill ya same ta a Fulorida, shi ma ya raɗa mata nasa. Daga baya aka gane abu ɗaya ne mutum uku suka yi wa suna uku, kuma a 1948 Rolf Singer ya mayar da ita cikin dangin Psilocybe. Ka'idar masana ita ce sunan da ya riga shi ke tsayawa, don haka Kyuba ta ci sunan.

To, a nan ne matsalar take. Wannan laima a kan kashin shanu da na ɓauna take rayuwa, a makiyaya masu ɗumi da laima. Alhali kuwa Kyuba ba ta san saniya ba kafin zuwan Turawa. Kolumbus ne ya tsallaka da shanu zuwa tsibiran Karibiyan a tafiyarsa ta biyu a 1493, suka shiga Kyuba a farkon ƙarni na 16. Mai gida ba ya rigan gidansa zuwa. Saboda haka ko dai laimar ta biyo shanu daga wata nahiya, ko kuwa ta daɗe a can tana zaune a kan kashin wasu manyan dabbobi har shanu suka zo ta koma kansu. A Meksiko ma akwai alama: sunan da ake kiran ta da shi a wasu yankuna shi ne San Isidro, sunan waliyyin manoma na Sifaniyawa, alhali 'yan uwanta na asalin ƙasar, masu fitowa a ƙasa da ciyawa da gefen tsaunuka, suna da tsofaffin sunaye a harsunan mutanen wurin.

Gastón Guzmán, masanin Meksiko da ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan dangi, ya karkata ga cewa daga Afirka ta fito, ta tsallaka teku tare da shanu a zamanin cinikin bayi. Shekaru da yawa wannan zato ne kawai, domin ba a yi wa laimar kwaɗin Afirka cikakken bincike ba. Yanzu abin ya fara sauyawa. A 1995 aka bayyana Psilocybe natalensis daga lardin Natal na Afirka ta Kudu. A 2024 aka ƙara biyu daga kudancin nahiyar, ɗaya cikinsu, Psilocybe maluti, tana fitowa a kan kashin shanu a tsaunukan Lesoto da makwabtansu. Sa'an nan masu nazarin ƙwayoyin gado suka sanar da wata daga Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, Psilocybe ochraceocentrata, wadda ita ce mafi kusancin zumunta da 'yar Kyuba cikin duk waɗanda aka sani. Lissafinsu ya nuna sun rabu kimanin shekara miliyan ɗaya da rabi da suka wuce. Mutum kuwa bai fara kiwon shanu ba sai kimanin shekara 10,000 baya. Ke nan kakanninsu sun rayu a kan kashin namun daji tun kafin a yi makiyayi na farko. Wannan bai yanke hukunci a kan ranar da ta isa Kyuba ba, amma ya ƙarfafa cewa tushenta yana wannan ɓangare na teku, Afirka ko Asiya.

Akwai masu cewa balbela ce ke yaɗa ta, tun da tana bin shanu tana taka kashinsu, kuma ita ma da kanta ta tsallaka Atilantika daga Afirka. Maganar tana da daɗin ji, kuma mai yiwuwa balbela na taimakawa a yau. Amma an fara ganin ta a Kudancin Amurka ne a 1877, ba ta kai Fulorida ba sai wajen 1941, shekaru da yawa bayan Earle ya riga ya tsinci laimarsa. A ganinmu ba ita ta kai ta Kyuba ba.

Yanzu bari mu sunkuya a kan madubin ƙara girma, wanda ake kira maikiroskob, domin a nan ne za mu ga yadda abu marar ƙafa ya zaga duniya. Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa maikiron, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Ku dubi rular ɗalibi: tsakanin ƙananan layuka biyu akwai maikiron 1,000. Ƙwayar irin Psilocybe cubensis tsawonta tsakanin maikiron 11 da 17 ne, faɗinta 8 zuwa 11. In aka jera su kai da kai, kimanin 70 za su cika wannan ɗan tsakani. Jar ƙwayar jinin mutum maikiron 7 zuwa 8 ce, ke nan irin ya kusa ninka ta biyu a tsawo. Ido kuwa da ƙyar yake rarrabe abin da ya gaza maikiron 100.

Siffarta kamar ƙwai ce mai ɗan tsawo in an dube ta daga gefe. In ta kwanta ta fuskance ka, sai ka ga gefunanta sun ɗan yi kusurwa, kamar tana son ta zama mai kusurwa shida amma ba ta kai ba. Jikinta sumul yake, babu ƙaya babu ƙuraje. Bangonta mai kauri ne, launinsa ruwan ƙasa mai ɗan rawaya in haske ya ratsa ƙwaya ɗaya, amma in sun taru da yawa a takarda sai su yi duhu, ruwan makuba mai karkata zuwa shunayya. A kai ɗaya akwai ɗan tsini, wurin da take manne da uwarta. A ɗaya kan kuma bangon ya yi siriri, kan ya zama kamar an ɗan datse shi da reza. Wannan ita ce ƙofar tsiro, ta nan zaren farko ke fita.

Kowace cikin waɗannan siffofi tana da aiki. Ƙurar da ta bar laima ba ta sauka a kan sabon kashin shanu kai tsaye sai da sa'a. Yawanci a kan ciyawa take sauka, ta zauna cikin rana. Duhun bangon yana kare ta daga ƙunar hasken rana. Saniya ta zo ta ci ciyawar, ƙwayar ta bi ta tumbi da hanji, inda zafi da ruwan narkar da abinci ke lalata abubuwa masu taushi. Kaurin bangon ne ke fid da ita lafiya. Ta fito a tsakiyar abincinta, da danshi da ɗumi. Bango mai kauri kuwa yana da wuyar fasawa daga ciki, shi ya sa aka bar masa ƙofa. Duk inda aka kora garke, ko aka loda shi a jirgin ruwa da ciyawarsa, ƙurar tana ciki. Ostireliya ba ta da saniya kafin 1788, yau kuwa wannan laima tana fitowa a makiyayan gabashinta.

Yadda ƙwayar ke barin shafi shi ne abin da ya fi ba mu mamaki. A jikin shafin akwai tantanai masu siffar kulki, kowane da ƙahoni huɗu sirara, a kan kowane ƙaho ƙwaya ɗaya. Idan ta nuna, sai wani ɗigon ruwa ya taru a gindinta daga danshin iska, ya yi ta girma na 'yan daƙiƙu. Da ya taɓa ruwan da ke kwance a jikin ƙwayar, sai ya zube kansa farat ɗaya, nauyin ya koma gefe guda, ƙwayar ta yi tsalle. Ana kiran wannan ɗigo da sunan Reginald Buller, masanin da ya yi aiki a Jami'ar Manitoba ta Kanada a farkon ƙarni na 20. Ƙarfin fizgar ya ninka jan ƙasa sau dubbai, amma tafiyar ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita, domin iska tana tsayar da ita nan take. Daidai ke nan: ta rabu da shafinta, ba ta kai ga shafin da ke fuskantarsa ba, ta faɗo ta tsakaninsu iska ta ɗauka. Shi ya sa shafukan ke tsaye cak, kuma laima ɗaya tana iya zubar da miliyoyin ƙwayoyi cikin sa'a guda. Shi ya sa kuma sai da danshi abin ke yiwuwa. Yaron da ya ce ruwan sama ke haifar ta bai yi nisa da gaskiya ba kamar yadda muka zata.

Akwai wata 'yar ƙasashe masu zafi, Panaeolus cyanescens, da Berkeley da Broome suka bayyana daga Siri Lanka a 1871. Ita ma a kashin dabbobi take, ita ma tana da silosaibin, amma ƙurarta baƙa ce wuluk, siffarta kamar lemon tsami mai ɗan tsini a kai biyu, haske ba ya ratsa ta sosai. Shafukanta dabbare-dabbare ne, domin ƙwayoyin ba sa nuna lokaci ɗaya, wani wuri ya yi baƙi wani yana nan fari-fari. Dangi biyu da ba su da kusanci sosai, sinadari ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2018 ya kawo hujjar cewa gungun ƙwayoyin gadon da ke haɗa sinadarin ya taɓa tsallakawa daga wani dangi zuwa wani, tsakanin masu zama wuri ɗaya a kashin dabba da ruɓaɓɓen itace.

Sai dai madubi yana da iyaka, kuma wannan iyaka ce ta fi shafar mu. Ƙurar iri ba ta ɗauke da silosaibin. A zaruruwa da laimar yake samuwa. Akwai kuma wasu masu fitowa a kashin shanu waɗanda ƙurarsu ke da duhu, da kauri, da ƙofar tsiro, amma babu sinadarin a jikinsu sam, har masana suka ware da yawansu zuwa wani dangi mai suna Deconica. Sana'a ɗaya ce ta ba su kama ɗaya. Kama da wane kuwa ba ta wane. Masani ba ya yanke hukunci da ƙura kaɗai, sai ya haɗa da siffar sauran tantanai, da wurin fitowa, yau har da ƙwayoyin gado.

Rashin sinadari a cikin ƙurar ne ya buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa silosaibin a jerin farko na abubuwan da aka tsananta hani a kansu, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da ita. Amma a yawancin jihohin Amurka doka ba ta ambaci ƙurar ba, ban da irin su Kalifoniya da Jojiya da Idaho da suka hana. Sai ake sayar da ita da rubutun cewa don nazari a madubi ne kawai, da sunaye masu ƙayatarwa na ƙasashe da tsibirai. Yawancin waɗannan sunaye Psilocybe cubensis ɗaya ce aka yi wa riguna daban-daban, kuma a ƙarƙashin madubi ba za ka iya cewa wannan daga Tailan take waccan daga Ekwado ba. Mai sayarwa ya san ba masu madubi ne suka fi saye ba.

Ba za mu ɓoye wa matasa cewa abin yana da tarihi ba, domin za su ji a wani wuri. Aztek na Meksiko sun san shi, malamin Sifaniya Bernardino de Sahagún ya rubuta labarinsa a ƙarni na 16. A 1955 wani ma'aikacin banki na New York, Gordon Wasson, ya halarci zaman wata mai maganin gargajiya, María Sabina, a garin Huautla de Jiménez na jihar Oaxaca, ya buga labarin a mujallar Life a 1957. A 1958 Albert Hofmann ya ware sinadarin a birnin Basel na Suwizalan. Baƙi suka yi wa garin tsinke, 'yan sanda suka matsa wa matar, aka ƙona gidanta, ta rasu a 1985 cikin talauci. A jiki, sinadarin yana rikiɗa ya zama silosin, wanda ya yi kama da wani ɗan saƙo na ƙwaƙwalwa mai suna serotonin, sai ya hau gurbinsa. Mutum ya ga abin da babu, lokaci ya rikice masa, wani firgici ya kama shi har ya jefa kansa cikin haɗari, mai larurar ƙwaƙwalwa a ɓoye kuma tana iya tashi. Gaskiya ne likitoci na gwada shi a kan matsananciyar damuwa, har Ostireliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin amfani da shi daga Yulin 2023. Amma wannan awo ne na asibiti, bayan tantance majiyyaci, da ma'aikata zaune a gefensa.

Abin da ya fi ba mu tsoro a nan gida shi ne kuskure. Yaro ya ga hoto a waya, ya fita bayan gari da damina yana neman mai kama da shi. Akwai ƙananan laimomi ruwan ƙasa na dangin Galerina, masu ƙura ruwan tsatsa, waɗanda dafinsu ke kashe hanta. Mugun halinsa shi ne ba ya nuna kansa sai bayan sa'a 6 zuwa 24. A yi amai da zawo, a ga kamar an warke, sa'an nan hanta ta gaza. Akwai kuma wata babba fara mai fitowa a filayen ciyawa na ƙasashe masu zafi, Chlorophyllum molybdites, mai kama da abin ci, wadda ƙurarta kore ce, tana sa amai da zawo mai tsanani. Dafuwa ba ta kashe dafin da ke lalata hanta. In yaro ya ci, a kai shi asibiti nan take ko da yana wasa, a tafi da ragowar abin da ya ci a cikin takarda, ba a leda ba, domin leda na ruɓar da shi.

Mun koma wa ɗan ajinmu da amsa bayan mako guda. Muka sa safar hannu ta leda, muka yanke hular wata laima daga karanta, muka kife ta a kan takarda rabi fara rabi baƙa, muka rufe da kofi, muka kulle a kabad. Da safe muka ɗaga, sai ga hoton shafukan ya fito a takardar, layi-layi kamar ƙafar keke, duk na ƙura. Yara arba'in da wani abu suka yi tsit. Ka'idarmu a ranar ita ce a duba, a zana, kada a taɓa baki, a wanke hannu da sabulu. Abin da ya rage shi ne su ga ƙwaya ɗaya da idonsu, a nan kuwa muka tsaya, domin madubi ɗaya da muka san an taɓa kawowa yana kulle a wani ofis cikin kwalinsa, an ce kada yara su lalata.

Saboda haka muna da roƙo ga reshe. Akwai madubin takarda mai suna Foldscope, wanda Manu Prakash da Jim Cybulski suka ƙirƙira a Jami'ar Stanford, aka fara yaɗa shi a 2014. Ana naɗe shi ne daga takarda mai ƙwari da ɗan ƙwallon gilashi, yana ƙara girma sau 140, yana rarrabe abin da ya kai maikiron 2. Ba zai nuna ƙofar tsiro sarai ba, wannan sai babban madubi mai ƙara girma sau 400 zuwa 1,000. Amma zai nuna ƙwayar da siffarta da launinta, ya nuna funfunar burodi da ƙananan halittun ruwan kududdufi. Muna ba da shawarar kwamitin ilimi ya binciko kuɗinsa, a sayi guda ashirin daga asusun reshe, a riƙa ba makarantu aro bi da bi daga watan Yuni zuwa Satumba, a kuma ware rana ɗaya kafin faɗuwar damina mu malamai mu fara koyon naɗe shi. Mun miƙa wa sakatare wannan shawara a rubuce domin a sa ta cikin ajandar taro mai zuwa.